Lilon ƙyalle: kafin yaranmu su bar ƙasa, a ɗaga kai a dubi abin da ya riƙe su

Duk gidan da ke da matashi mai waya a hannu, da wuya a ce ba a taɓa ganin irin bidiyon nan ba. Dogon ƙyalle ja ko fari ya sauko daga sama, saurayi ko budurwa ta kama shi ta haye kamar mai hawan giginya, ta nannaɗe shi a ƙugu da cinya, ta juya kai ƙasa, sai kuma ta saki jiki ta gangaro har mai kallo ya yi salati, ƙyallen ya cafke ta saura ƙiris ta taɓa ƙasa. Da Faransanci ana ce wa wasan tissu aérien, wato ƙyallen sama. Mu a nan bari mu kira shi lilon ƙyalle, tunda lilo dai mun san shi tun muna yara.

Wasan bai tsufa ba. A shekarun 1990 ya yi fice, musamman bayan da kamfanin Cirque du Soleil na Kanada ya saka shi cikin wasansa mai suna Quidam a 1996. Amma yaran Hausawa su fito gaban jama'a su nuna bajinta da jikinsu, wannan tsohon abu ne a Wagadugu. Wasan Dodo da yaran birnin ke yi da dare a watan azumi, da fuskokin dabbobi da fenti a jiki, fatake Hausawa ne suka zo da shi tun a ƙarni na 19, kafin ya zama na kowa da kowa. An rushe Zanguwetin, tsohon zangon Hausawa, a 2003 saboda aikin ZACA, jama'a suka warwatsu, amma har gobe ana yin Dodo. Saboda haka idan ƙungiyar matasa a Bilbalogho, nan kusa da fadar Mogho Naaba, ta zo wa manya da shawarar a koya musu lilon ƙyalle a babban hutu, kada a yi mamaki. Jikokin masu Dodo ne.

Manya na da amsa biyu masu sauƙi, kuma duk biyun suna da haɗari. Ta farko ita ce "a'a, ba ma son rigima." Yaron da aka ce wa a'a bai fasa ba. Zai ɗauki zanen uwarsa ya ɗaura a reshen dalbejiya a bayan gida, wayar abokinsa ta zama malaminsa. Ta biyu ita ce "to, ga kuɗi, ku je ku sayo yadi." Wannan ma ta fi ta farko ban tsoro, domin ta sa albarkar manya a kan abin da ba wanda ya duba.

Mun san yadi, amma ba wannan ba

A nan ɗan kasuwa ya fi saurin ruɗuwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana auna shadda da atamfa a Rood Woko, wanda da taɓawa ɗaya zai gaya maka ta Holan ce ko ta Sin, wa zai koya masa ƙyalle? Sai dai ƙyallen lilo ba ya cikin kayan da muke sayarwa. Shadda da atamfa da Faso Dan Fani duk saƙa ce ta zare a tsaye da zare a kwance, ba sa miƙewa, kuma da zarar sun fara yagewa a gefe, sai su tafi kyat har ƙarshe. Shadda ga ta da santsi da tauri. Ƙyallen lilo kuwa na roba ne, foliyesta ko nailan, an yi masa saƙa irin ta rigar 'yan ƙwallo, yana ɗan miƙewa ya dawo, shi ya sa yake shanye girgizar jiki maimakon ya mayar da ita ga ƙashin baya.

Ga kuma tsawo. Ana ninka ƙyallen biyu a rataye shi ta tsakiya, don haka tsawonsa ya zama ninki biyu na tsayin wurin ratayewa, da ƙarin kamar mita 2 da za su kwanta a ƙasa. Idan ƙugiyar tana mita 5 daga ƙasa, ana bukatar kimanin mita 12, wato ya haura turmi biyu. Kuma dole ya zama guda ɗaya ne sambal, ba ɗinki. Wanda ya ce zai kai wa tela ya haɗa turmi biyu, a gode masa a zaunar da shi. Duk iyawar tela, ɗinkinsa na riga ne.

Da yake muna da 'yan uwa masu zuwa Lome da Dubai da Gwanzu, samo ƙyallen gaske ba shi ne matsala ba. Abin da za a gaya wa mai sayowa shi ne ya nemi masu sayar da kayan wannan wasa takamaimai, ya kuma karɓo takardar da ke nuna nauyin da aka gwada ƙyallen da shi. In babu takarda, a bar musu kayansu.

Buhun siminti 45

Duk da haka, ƙyallen shi ne ƙaramin abu. Ido yana kansa ne saboda shi ke da launi. Abin da ke kashewa yana sama, inda ba mai kallo.

Lissafin da yawancinmu za mu yi shi ne: yarinyar nan kilo 50 ce, reshen nan kuwa ƙato uku sun taɓa hawa bai karye ba. Kuskuren lissafin shi ne, jikin da ke motsi ba nauyinsa ɗaya da jikin da ke rataye shiru ba. Wanda ya taɓa loda mota ya san bambancin ajiye buhu a hankali da jefo shi daga sama. A 2017 wasu masu bincike a Montreal, Marion Cossin da abokan aikinta, sun wallafa sakamakon awon da suka yi wa 'yan wasan sama iri-iri. Ƙarfi mafi yawa da suka auna ya kai ninki 7.9 na nauyin ɗan wasan. Shawarar da suka bayar ita ce, duk igiya da ƙarfe da ke riƙe da kayan lilo ya zama ba zai tsinke ba sai nauyi ya kai kilonewton 22. Da harshen kasuwa, wannan ya haura tan biyu, kimanin buhun siminti 45.

To yanzu a ɗaga kai a dubi rufin da ake son ratayawa. Za ka yarda a rataye buhun siminti 45 a wannan wurin, kai kuma ka shimfiɗa tabarma a ƙasansa ka kwanta? Idan amsar ita ce "haba dai", ba wurin rataye ɗan mutum ba ne.

Da wannan ma'auni, yawancin wuraren da ke fara zuwa mana a rai sun faɗi. Rufin kwanon gidajenmu an yi shi ne ya ɗauki kwano da iska, katakonsa ko siririn ƙarfensa ba a yi shi don jijjiga ba. Ƙugiyar fanka da ke jikin dakali, ta fanka ce. Rumfar kasuwa da rumfar biki ba a ma maganarsu. Bangon laka ko na bulo ba a huda shi a ce an kafa madogara. Itace kuwa shi ne babban mayaudari. Maɗaci da dalbejiya da mangwaro sun cika Wagadugu, ga inuwa ga tsayi, amma ba wanda ke ganin cikin reshe. Gara na iya cinye shi ta ciki ɓawon yana nan lafiya lau, kuma duk wanda ya ga abin da iskar farkon damina ke yi wa manyan itatuwan bakin titi ya san reshe ba ya sallama kafin ya sauko.

Abin da ya rage biyu ne: ko babban zaure mai gungumen ƙarfe ko na kankare wanda injiniyan gini ya zo ya duba ya rubuta adadin nauyin da zai ɗauka, ko kuma tsayayyen ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu da aka ƙera don wannan wasa, mai takardar gwaji. A nan sai an yi haƙuri da wata magana. Allah ya yi wa Wagadugu masu walda gwanaye, mutanen da za su ƙera maka amalanke ko ƙofar gida ta shekara talatin. Amma "wallahi Alhaji wannan ko giwa ce zai ɗauka" ba lissafi ba ne. Idan mai walda zai yi aikin, injiniya ne zai ba shi zane da kaurin ƙarfe, ya dawo ya duba walda. Kuɗin injiniyan nan shi ne kuɗin da za a fi jin zafin biya, saboda ba a ganin abin da aka saya.

Tsakanin gungume da ƙyalle akwai ƙananan ƙarafa uku: ƙugiya mai makulli da ake ce wa mousqueton, da majuyi mai hana ƙyalle murɗewa, da ƙarfe mai siffar lamba 8 da ake ɗaura ƙyallen a jiki. Kowannensu na gaske yana da adadin kN da aka buga a jikinsa. Irin ƙugiyoyin nan masu launi da ake rataye makullin babur ko gorar ruwa, kamanni kawai suka yi. Haka kuma kada a sayi waɗannan a kayan Faransa-sai-wata-rana, domin ba ka san faɗuwa nawa suka sha ba kafin su iso hannunka.

Ko na gasken ma, sai an iya sa shi. A watan Mayun 2014, a birnin Providence na Amurka, mata takwas 'yan wasan kamfanin Ringling suka faɗo lokaci guda a gaban 'yan kallo, bayan ƙugiyar ƙarfe ɗaya da ta riƙe su ta ɓalle. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta gano cewa an ɗora wa ƙugiyar nauyi ta fuska uku, alhali an ƙera ta ne ta ja ta fuska biyu, sama da ƙasa. Shekara goma kafin nan, a 2004, wata ƙwararriya mai suna Dessi España ta rasu a jihar Minnesota bayan ƙyallen da take lilo da shi ya saki, ta faɗo daga kimanin mita 9 a kan daɓen siminti. Waɗannan mutane ne da wasan ne sana'arsu, ga kuɗi ga ma'aikata. Ina ga mu da za mu fara jiya-jiya?

Sai katifa. Ba katifar kwana ba, ba tabarma ba, ba yashi ba. Katifar wasa ce mai kaurin santimita 20 zuwa 30, mai faɗin da duk inda yaro ya karkata zai sauka a kanta. Idan biyu aka haɗa, kada a bar tsaga a tsakiya, don daidai nan ƙafa ke shiga. A kuma sani katifa tana rage ciwo ne kawai. Wanda ya faɗo ta ka, wuyansa na cikin haɗari ko da katifar ta kai gwiwa.

Wa zai koya musu?

Waya ba ta koyar da wannan wasa. Bidiyo yana nuna maka naɗi uku, amma ba ya gaya maka cewa idan na biyun ya bi ta hagu maimakon dama, ƙyallen ba zai kama ba. Kuma yaron da ke rataye kai ƙasa, jini ya taru masa a ka, ba ya bambance hagu da dama.

Ba sai an je Turai neman malami ba. Yankinmu na da nasa gwanayen. Gini ta fitar da Circus Baobab tun ƙarshen shekarun 1990. A Dakar akwai Sencirk, wadda Modou Touré ya kafa, mutumin da ya taso yana almajiri, ya gudu ya zauna a titi, daga baya ya koyi wasan har a Suwidin, ya dawo yana koya wa yara irinsa. A nan Wagadugu ma akwai ƙofofin da za a fara ƙwanƙwasawa a tambayi wanda ya san aikin: ƙungiyar ACMUR mai shirya bikin wasannin titi na Rendez-vous chez nous, da cibiyar Gambidi da marigayi Jean-Pierre Guingané ya kafa, da cibiyar rawa ta La Termitière ta Salia Sanou da Seydou Boro a Samandin, wadda daga Bilbalogho ba wata tafiya ba ce.

Idan an samu wanda ya ce ya iya, a zaunar da shi a yi masa tambayoyi kamar yadda ake yi wa wanda za a ba ajiyar kaya. A ina ka koya, wa ya koya maka, shekara nawa? Ka taɓa koya wa yara? Wa ke rataya maka kaya? A kai shi ya ga wurin. Malamin da ya shigo bai ɗaga kai ya dubi rufi ba ya ce "babu damuwa", a sallame shi da goron sa. Wanda ya fara kawo muku cikas, ya ce wannan ba zai yiwu ba, wancan sai an canza, shi ne naku.

Akwai abin da zai kwantar wa iyaye hankali. Malamin kirki ba ya barin sabon shiga ya yi sama. Makonnin farko, ana ƙulle ƙyallen ne a daidai ƙugu ya zama kamar majanyi, yara su zauna a ciki, su tsaya, su koyi juyawa, ƙafarsu ba ta fi taku ɗaya daga katifa ba. Ana gina ƙarfin hannu da kafaɗa da ciki. Ana koyon sauka kafin a koyi hawa, hannu bayan hannu, don wanda ya zame ya sulalo, ƙyallen zai ƙone masa tafi kamar wuta. Wancan gangarowar da ke sa mutane salati a bidiyo, ba aikin hutu ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya yi alkawarin koyar da ita cikin wata guda, ƙarya yake yi ko ganganci. Yaro ɗaya a kan ƙyalle, babba ɗaya a gefensa ido a kansa. Sauran su zauna nesa da katifa.

Zafi, man kaɗanya da mayafi

Wasu abubuwan littattafan Turai ba za su gaya mana ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Wagadugu na haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano kuwa abin ya fi haka. Hannu mai gumi ba ya riƙo, kan da ya sha zafi yana juyawa. Horo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. A watan azumi a dakatar da hawa da rana gaba ɗaya, kuma ba a juya kai ƙasa da cikin da ya cika da buɗa-baki.

Da hunturu fata na bushewa, kowace uwa kuma maganinta man kaɗanya ko basilin. Ranar horo a bari sai an dawo. Mai a hannu ko a ƙafa santsi ne, kuma yana zama a jikin ƙyallen ya jira yaron da zai hau bayansa. Rana tana cin ƙarfin nailan, don haka ba a barin ƙyallen a waje, ba a shanya shi a rana, ba a wanke shi da ruwan jabel. Kafin kowane horo a ware shi a ɗaga a haske, a bi shi taku-taku ana neman huda ko zaren da ya zare. A sami littafi a riƙa rubuta ranar da aka duba da wanda ya duba, kamar littafin bashi.

Batun 'yan mata, iyaye da yawa a nan za su tsaya, kuma suna da gaskiyarsu. Abin da zai ba su mamaki shi ne, wasan da kansa yana son a rufe jiki: dogon wando da riga mai dogon hannu, don ƙyallen na goge hammata da bayan gwiwa da ƙugu. Abin da ba ya so shi ne duk abin da ke reto. Hijabi mai faɗi ko mayafi na iya naɗewa cikin ƙyallen ya shaƙe wuya, allurar ɗankwali kuma ta soki mai ita ta yaga ƙyallen. A sa hula mai kama kai, a cire 'yan kunne da zobe da awarwaro da sarƙa, samari ma su cire laya da agogo da bel. Tunda malami dole ya tallabi ɗalibi da hannu, ajin 'yan mata ya zama nasu su kaɗai, da malama mace, da uwa ɗaya ko biyu zaune a wurin. A ajin maza ma kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara a rufaffen wuri.

Mu mutanen tafiya ne. Uba yana Kano ko Sinkase ko Fuytenga, yaro yana hannun kawu ko gwaggo. Kafin yaro ya taɓa ƙyallen, a sami yardar wanda yake hannunsa a rubuce, da lambar da za a same shi, da amsar tambayoyi kaɗan: yana da farfaɗiya? Sikila? Asma? Ciwon zuciya? Ya taɓa karaya ko gocewar kafaɗa? Mai irin waɗannan sai likita ya ce to. Wanda zazzaɓin cizon sauro bai daɗe da sakinsa ba, ya zauna ya yi kallo, musamman da yake babban hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Saurayin da aka ga alamar ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi, ba ya hawa, ko ɗan wane ne.

Idan an faɗi

A tsara wannan tun ba a fara ba, domin ranar da abin ya faru ba wanda zai yi tunani. Al'adarmu ita ce a ruga a ɗaga yaro, a girgiza shi, a yayyafa ruwa, a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Idan wuya ko baya ne ya bugu, wannan ɗagawar ce ke mayar da karaya ta zama shanyewar jiki har abada. Yaron da ya faɗo ta ka ko ta baya, ko ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun yi masa sanyi ko tsami, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe masa kai kada ya motsa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Su ke da abin ɗaukar marar lafiya zuwa asibitin Yalgado Ouédraogo ko asibitin yara na Charles de Gaulle. Wanda ya buga kai ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya fara amai, ko magana ta rikice masa, asibiti zai je ko da ya miƙe ya ce garau yake. Maɗori na da ranarsa, amma ba a fara kai masa wuya ko ƙashin baya ba tare da hoton asibiti ba. Cikin manyan da ke wurin, aƙalla ɗaya ya zama ya yi horon agajin gaggawa irin na Kurwa Ruj.

Idan an kai ga shirya nuni gaban jama'a, da Sallah ko ƙarshen hutu, a sanar da ofishin magajin gari, a kewaye wurin da igiya, kuma kada yaro ya yi abin da bai yi sau da yawa a horo ba. Tafi da guɗa suna sa yaro ya ƙara taku biyu sama, iyaye maza kuma, a faɗi gaskiya, su ne kan gaba wajen ihun "ƙara hawa!" A ja musu kunne tun kafin a fara.

Kullum aka tashi, a sauke ƙyallen, a ninke, a kulle shi a akwati, makullin a hannun mutum ɗaya da aka sani. Ƙannen da suka zauna a gefe suna kallo, 'yan shekara biyar da shida, sun haddace duk abin da suka gani, kuma jira suke manya su tafi sallar magariba.